Kafin Ku Buɗe Baki a Gaban Aji

Na haura shekara ashirin ina riƙe da ajin masu neman baftisma, kuma tambayoyin da aka yi mini bana su ne dai waɗanda aka yi mini shekarar da na fara. Allahnmu ɗaya ne ko uku? Da gaske an canza Linjila? In maƙwabci ya aiko da naman Sallah, a ci ko a ƙi? Me ya sa waɗancan ake yayyafa musu ruwa, mu kuma sai an kai mu rafi? Tambayoyin suna nan yadda suke. Amsoshin ne suka lalace, tun da aka shigo zamanin da duk wanda ya riƙe waya ya saurari wa'azi biyu sai ya ɗauki kansa malami.

To, ku da dattawan ikkilisiya suka danƙa wa makarantar Lahadi da ajin baftisma da taron matasa, 'ya'yana ne ku, don haka ba zan yi muku kwana-kwana ba. Ga abin da za ku yi, ga kuma wanda ban yarda ku yi ba.

Kada ku tsawata wa mai tambaya. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce bai gane yadda Mai Ceto zai mutu a kan gicciye ba, ba Shaiɗan ne ya shige shi ba, hankalinsa ne yake aiki. Toma ya ce shi sai ya gani da idonsa, Ubangiji kuwa bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa. In kuka daka wa yaro tsawa yau, ba tambayar zai daina ba, ku ne zai daina tambaya. Gobe sai ku tarar yana neman amsa a bakin wanda ba ku san daga inda ya fito ba.

In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ku faɗa a fili, ku rubuta tambayar a bayan littafinku, ku kai wa fasto ko wani dattijo, Lahadi mai zuwa ku dawo da amsa. Ku dawo da ita fa, kada ku bari ta bi ruwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da yaro ya kama ku da amsar ƙage guda ɗaya, har gaskiya tara da kuka gaya masa a baya zai tattara ya zubar.

Kada in sake jin wani ya gaya wa yara cewa Kirista ba ya kiran sunan Allah. Wannan magana ta shigo mana ne daga bakin waɗanda ba sa jin Hausa, ba su kuma taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ba. Ku buɗe Farawa, ku duba sunan da ke ayar farko. Haka yake a juyin 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, haka yake a juyin 1979. Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya da Iraƙi, waɗanda ikkilisiyoyinsu suka girmi namu da ɗaruruwan shekaru, da wannan suna suke addu'a da Larabci har gobe. Iyayenmu a Wusasa da Kagoro da Gindiri, da na Tsibiri can ƙasar Maradi, da shi aka yi musu baftisma, da shi aka ɗaura musu aure, da shi aka sa su a kabari. Wane ne kai da za ka zo yau ka ce duk sun yi kuskure? Inda muka rabu da maƙwabtanmu Musulmi ba a kan sunan ba ne, a kan yadda Mai sunan ya bayyana kansa ne. Can za ku kai hankalin yara, ku daina ɓata musu lokaci a kan harafi.

Ku fara da ɗaya kafin ku ambaci uku. Kirista ba ya bauta wa alloli uku, kuma duk wanda ya koyar da haka ya fita daga bangaskiya. Ku nuna musu Maimaitawar Shari'a 6:4, ku nuna musu Markus 12:29, inda Yesu da kansa ya sa kaɗaitakar Allah a gaban dukan umarnai. Sai wannan ya zauna daram, sa'an nan ku kai su bakin Kogin Urdun a Matiyu sura 3: ga Ɗa ya fito daga ruwa, ga Ruhu yana saukowa, ga muryar Uba daga sama, duk a lokaci guda. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, Uba kuwa ba shi ne Ɗa ba, kuma Allah ɗaya ne. Iyakar abin da aka ba mu ke nan. Kada ku ƙara masa gishiri.

Ku raba ni da misalin ƙwai, da na ruwa, da na duwatsun murhu. Na san a bakin manya kuka ji su, ni ma na daɗe ina amfani da su. Ruwa da ƙanƙara da tururi abu ɗaya ne yake sauya kama, Allah kuwa ba riga yake sauyawa ba. In da haka ne, da wa Yesu yake magana a Getsamani? Dutsen murhu guda ba murhu ba ne, ɓawon ƙwai ba ƙwai ba ne, alhali Ɗa ba sulusin Allah ba ne. Wata yarinya 'yar shekara goma sha uku ce ta raba ni da misalin ƙwan. Na gama bayanina ke nan, na ga kowa yana gyaɗa kai, sai ta ɗaga hannu daga bencin baya ta ce, "Baba, to in an fasa ƙwan aka yar da ɓawon, wanne ne a cikinsu aka yar?" Na tsaya da alli a hannu, ba ni da ta cewa. Ita ce da gaskiya. Babu wani abu cikin halitta da ya yi kama da Mahalicci, gara ku gaya musu haka.

In an ce muku kalmar Triniti ba ta cikin Littafi, ku ce gaskiya ne. Tartuliyan, mutumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, shi ya fara rubuta ta da Latin wajen shekara ta 200, don a sami kalma guda da za ta tattara abin da Littafi ya riga ya koyar. Taron Nikiya na shekara ta 325 kuwa an kira shi ne saboda wani limamin Iskandariya mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗa halitta ne, taron ya ƙi. Ba a can aka ƙago allahntakar Yesu ba, wasiƙun Bulus sun girmi taron da fiye da shekara 250. Ba kuma a can aka zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake za ku ji ana ta yaɗa haka.

Kada ku bar kowa ya tashi da zaton cewa Allah ya yi aure. Maƙwabcinmu Musulmi in ya ji an ce Ɗan Allah, abin da ke faɗo masa a rai shi ne mace da ciki da haihuwa, sai ya nemi tsari. Ku gaya masa mu ma saɓo ne a wurinmu. Bahaushe ya san ɗan gari, ya san ɗan kasuwa, kuma bai taɓa jin gari ya yi naƙuda ba. Amma wannan share kuskure kawai yake yi, ba shi ne ma'anar ba. Ma'anar tana farkon Bisharar Yohanna, inda aka nuna Kalman da yake tare da Allah tun fil azal shi ne ya zama mutum. Ku kuma faɗa a sarari cewa Maryamu ba ta cikin ukun.

In aka ce an canza Littafi, kada ku hau dokin zuciya. Ku tambaya cikin ladabi: yaushe, a ina, wa ya canza? Sa'an nan ku kawo abin da ke hannu. Akwai kwafen Sabon Alkawari cikakke da Helenanci da aka rubuta da hannu a ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, yawancinsa yana babban ɗakin karatu na Landan, an kuma ɗauki hotonsa an sa a intanet. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, ciki har da littafin Ishaya, wanda ya girmi kwafen Ibrananci da ake da su a lokacin da kimanin shekara 1,000.

Amma kada ku rantse cewa babu bambanci ko na wasali ɗaya. Akwai. Ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, da labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11, ba sa cikin kwafe mafi tsufa, kuma Littattafai da yawa sun rubuta haka a ƙasan shafi. Ku gaya wa ɗalibanku wannan da bakinku, tun kafin wani ya tare su a makaranta ya nuna musu kamar wani asiri ne da coci ta binne. Ku kuma koya musu cewa juyi daban, canji daban. Tsohon juyi ya ce Kristi, na baya ya ce Almasihu. Na farko daga Helenanci ya fito, na biyu asalinsa Ibrananci ne ya biyo ta Larabci, dukansu kuwa shafaffe suke nufi.

Abin da Littafi bai faɗa ba, kada ku ce ya faɗa. Bai ce an haifi Yesu ran 25 ga Disamba ba. 'Yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke Kirsimeti. Bai ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne ba, kyautarsu ce iri uku.

Kada ku mai da ɗarikarku ƙofar sama. Mishan ɗin SIM ya iso ƙasar nan a 1893, SUM a 1904, ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Dukanmu na jiya-jiya ne in an gwada da shekarun bishara. Mu muna nutsarwa, kuma ku koya wa yara dalilinmu da kyau, daga Romawa sura 6. Anglika da Katolika da Lutharan suna yi wa jarirai baftisma, su ma suna da hujjar da suke kafawa. Kada ku yanke musu hukuncin wuta a kan yawan ruwa, ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji ko ɗigo bai samu ba. Littafin Katolika yana da littattafai 73, namu 66. Bambancin bakwai ɗin duk a Tsohon Alkawari yake, Sabon Alkawari kuwa 27 ne nan da can. Kada ku ce Katolika suna bauta wa Maryamu, su ba haka suka ce ba. Sun ce roƙonta suke ta yi musu addu'a. Mu ba mu yarda da wannan ba, saboda 1 Timoti 2:5 matsakanci ɗaya ya nuna mana. To ku yi musun a kan abin da suka faɗa, ba a kan abin da kuka laƙa musu ba. Mai kiyaye Asabar ma ku buɗe masa Ayyukan Manzanni 20:7 da Kolosiyawa 2:16, ku rabu lafiya.

Sai dai akwai iyaka, kuma ku san ta. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Yesu halitta ne, ko ya ce bai tashi daga matattu ba, wannan ba bambancin ɗarika ba ne. Ku ba shi ruwa ya sha, kada ku ba shi aji.

Kada ku hana ganga, kada kuma ku mai da sujada gidan rawa. Tulun da Zumuntar Mata suke bugawa ya kai bishara ƙauyukan da mai wa'azi bai taka ba. Maganar harsuna tana 1 Korantiyawa 14: mutum biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara, in babu shi a yi shiru. Ku karanta wa matasa surar dukanta, ba ayar da ta yi muku daɗi ba. Lasifikar da kuke juya wa gidajen mutane a addu'ar dare kuma, ku sauke ta. Allah ba kurma ba ne, a unguwar kuwa akwai mai jego, akwai majinyaci.

Kada ku sayi albarka, kada ku sayar. Man shafawa na kwalba, da ruwan da aka ce an yi masa addu'a, da hankicin annabi wane, duk wanda aka sa masa farashi ku gaya wa yara kasuwa ce. Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi a Ayyukan Manzanni sura 8, ku karanta musu amsar da ya samu. Zakka da baiko godiya ne, ba toshiyar baki ba. Kada kuma ku tsaya gaban aji ran Lahadi alhali da laya a ƙugunku, ko daren Laraba an gan ku a ƙofar boka. Yara suna gani. Sun fi ku sanin inda kuke zuwa.

Kada ku zubar da naman Sallah. Na ga wannan da idona, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yarinyar maƙwabta ce ta yi sallama, da sabon ɗinkinta da lalle a hannu, ta durƙusa ta miƙa kwano an rufe shi da faifai, soyayyen nama har da hanta. Wani saurayi da ya dawo daga taron farkawa yana ji da zafin sabon tuba ya karɓa, bai ko jira ta fita zaure ba ya juye wa kare. Ta gani. Ta ɗauki kwanonta ta tafi ba ta ce uffan ba. Gidan nan da suke karɓar shinkafarmu ta Kirsimeti shekara da shekaru, tun daga ranar ko gaisuwa sai da ƙyar, kuma sai da uwar saurayin ta yi ta sintiri tana ba da haƙuri kafin aka koma gaisawa.

Na san kan Kiristoci ya rabu a nan. Ni ina ci, in yi godiya, kuma 1 Korantiyawa 10 da Romawa 14 nake dubawa. Wani lamirinsa bai ba shi ba, ban kuwa ce ya ci dole ba. Amma ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa wa yarinyar tukwici a kwano, in ya so ya ba wani mai bukata. Mai ci kada ya rena mai ƙi, mai ƙi kada ya hukunta mai ci. Wulakanta kyauta kuwa babu ayar da ta ba ku izini.

Kada ku zagi abin da wani yake girmamawa. Ba a aji ba, ba a bagade ba, ba a Facebook ba, ba a rukunin WhatsApp da kuke zaton ku kaɗai ne a ciki ba. Magana zarar bunu ce. A watan Maris na 1987 gardama kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa a kwalejin horon malamai ta Kafanchan ta zama wutar da ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u da masallatai, aka rasa rayuka. Ku fahimce ni da kyau: babu maganar da ta halatta a kashe mutum ko a cinna wa ɗakin ibada wuta, kuma ba zan taɓa ɗora wa wanda aka kashe laifin mutuwarsa ba. Ba tsoro nake koya muku ba. Ko da babu mai ɗaga muku yatsa, zagi haram ne a gare ku, domin 1 Bitrus 3:15, ayar da ta ce mu zauna da shirin ba da amsa, ita ce kuma ta gindaya sharaɗin tawali'u da bangirma.

Ku ji abin da maƙwabcinku ya gaskata daga bakinsa. Musulmi ya yarda budurwa ce ta haifi Isa, ya yarda shi Almasihu ne, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam. Bai yarda an gicciye shi ba, bai yarda shi Ɗan Allah ne ba. Ku san duka biyun. Kada ku ce duk ɗaya ne don a zauna lafiya, ba ɗaya ba ne, shi ma ya sani, kuma ba zai ga girmanku don kun ɓoye gicciye ba. Amma in kuna ba yara labarin waɗanda suka ƙona mana majami'u, ku ba su har da na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Ku ba su na Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, suka dawo suka kafa cibiyar sulhu tare a Kaduna. Rabin labari ma ƙarya ne.

Maganar aure, kada ku yi wa matasa rufa-rufa. Wanda bai yi ba tukuna, ku gaya masa ikkilisiya ba ta goyon bayan auren wanda ba ku tarayya cikin bangaskiya, ku sa shi ya yi tunanin inda 'ya'ya za su dosa. Wanda kuwa ya tuba yana cikin auren, 1 Korantiyawa 7 ta ce ya zauna muddin abokin zaman ya yarda. Kada ku kashe wa kowa aure da sunan tsarki.

Kada ku hau kujerar shari'ar Allah. Wannan na bar shi ƙarshe domin a nan na yi kuskuren da ya fi kowanne ci mini rai. Shekarata ta uku da fara koyarwa, wani yaro ya jira kowa ya watse, ya zo ya tsaya kusa da tebur yana murza gefen rigarsa. Kakarsa ce ta rasu a makon, wadda ta goye shi tun yana jariri, ita kuwa ba Kirista ba ce. Ya ce, "Malam, Kaka tana ina yanzu?" Ni kuwa a lokacin ina ji da ilimi. Na buɗe masa ayoyi uku, na ba shi amsa a taƙaice kamar mai karanta takardar kotu. Bai yi kuka ba. Ya ce na gode, ya sa takalminsa, ya fita. Bai sake zuwa ajin ba.

Har yau na gaskata babu ceto sai ta wurin Yesu Almasihu, kuma haka za ku koyar, ba ragi. Amma ba a ba ni littafin rai in duba sunan kowa ba, ku ma ba a ba ku ba. Ban san abin da ya wuce tsakanin tsohuwar nan da Mahaliccinta ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in ja masa benci ya zauna, in tambaye shi sunanta da irin tuwon da take tuƙa masa, in gaya masa cewa Mai shari'ar dukan duniya ba ya zalunci, kamar yadda Ibrahim ya dogara a Farawa 18, in kuma bi shi gida in yi wa iyayensa gaisuwa. In irin wannan yaro ya zo muku, ku rufe littafin tukuna, ku zauna da shi.

Na neme shi daga baya, aka ce sun tashi daga unguwar.